Fangalin da Kawu Ya Ce a Bari

Har yau in muka haɗu da Kawu Isiyaku wurin suna ko gaisuwar rasuwa, kafin mu gama gaisawa sai ya gaya wa na kusa da shi cewa ni ne na lalata masa fim. Ba na musu. Na lalata shi, kuma da za a maido ranar sai na ƙara. Amma duk cikin dangin uwata babu wanda nake yi wa addu'a kamarsa. Shi ma ya san haka, shi ya sa yake tsokanar tawa da ƙarfinsa.

Sunana Nuraddeen. A Aliero aka haife ni, gidan manoman albasa tun kaka da kakanni. Shan inna ya kama ni ina da shekara biyu, ya tafi da ƙafafuna duka biyun, ya bar mini hannuwa da baki. A cikin gida da hannu nake tafiya, silifa ɗaya a kowane tafi. In zan shiga gari kuwa ina da keken guragu da ake murzawa da hannu. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara goma sha biyar, shekara huɗu ke nan da ba mu jihar Kebbi, ana ta sababbin abubuwa, kowa yana jin shi ma zai zama wani.

Babana, Malam Ayuba, bai taɓa wulakanta ni ba. In ya sayo tsire ni ne farkon ci. Rigar sallata ta fi ta kowa. Ko ƙofar ɗakina shi da kansa ya fasa dokin ƙofar ya shafe wurin don kada in riƙa kartar gwiwa. Abu ɗaya ne ya hana ni, shi ne kuma kaɗai nake so: fadama.

A gidanmu in yaro ya tasa ana yanka masa gayauna, wato ɗan yanki daga gonar gida wanda zai noma da kansa, abin da ya samu nasa ne. Ranar da aka ba ka ita ka fita daga sahun yara. A kakar shekarar Baba ya ba ƙanena Ridwan tasa, yana da shekara goma sha uku. Na taya shi murna da baki, na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Da yamma na samu Baba a zaure na ce masa ni fa?

Ya gyara zama a kan tabarma. Sannan ya ce, "Mi za ka yi hwadama? Ka rasa ci ko ka rasa sha? Ba ni son a ce Ayuba ya rasa mai yi mishi aiki, har ya jawo wanda Allah ya ɗauke ma wahala ya tura cikin taɓo. Na yi magana da Yari, mai gyaran takalmin nan na Jega. Kahin azumi za ni kai ka, ka koyi gyaran takalmi. Sana'a ta ta zamne."

Ni da ban taɓa kashe takalmi da ƙafa ba, ni za a kai in ƙare rayuwata a kan na mutane. Ba a dai ja da Baba. Azumi kuwa saura wata biyu da 'yan kwanaki.

Abin da Baba bai ɗauka da muhimmanci ba shi ne ɗan filin da ke bayan ɗakin innarmu, Yalwa, inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa. Shekara huɗu ina dashen albasa a wurin. Ridwan ke kawo mini ragowar irin da aka zubar a gona, ni kuma in tsare shi da tambaya har sai ya gaji ya gudu. Baba yakan wuce ta wurin ya kewaye shukar a hankali don kada ya taka, kamar yadda ake kewaye ɗakin ƙasa da yara suka gina. A wurinsa wasa nake yi.

Ana cikin haka Kawu Isiyaku ya zo. Ƙanin innarmu ne, malamin makaranta a Jega, kuma shugaban wata ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ya ga finafinai sun fi a ƙirga, ya kuma karanta littafi ɗaya a kan yadda ake yin su, littafin nan kuwa bai bar mu mun huta ba. Ya ce ƙungiyarsu za ta yi fim na bidiyo a kan wani yaro gurgu da danginsa suka manta da shi a gida. Ya samo mai kyamara daga Maiyama, wani Sambo, wanda ke ɗaukar bukukuwa da dawowar alhazai. Saura yaron. Ya ce me zai sa ya naɗe wa mai ƙafa ƙafa alhali ga ɗan yayarsa?

Tsakaninsa da Baba akwai wasan nan na miji da ƙanin mata, don haka ya sami fuskar naci. Kwana uku yana zarya kafin Baba ya sakko.

"Na yarda, amma da sharaɗi," in ji Baba. "Zamne kawai za ka ɗauke shi. Ba ni son in ji an nuna ma duniya shina jan jiki."

"Haba Yaya, zamne kawai. Ko hannu ba shi ɗagawa."

Haka muka fara. Kawu ya ce fim ba surutu ba ne, alama ce. In kana son ka nuna yaro na cikin damuwa, ba za ka sa ya ce ina cikin damuwa ba, sai ka nuna wani abu da zai faɗa a madadinsa. Saboda haka aka ɗauki wani tulu mai tsaga yana ɗiga, aka ce ni ne. Aka ɗaure ƙafar wata kaza da tsumma tana ta kiciniya, ita ma ni ce. Aka ɗauki ƙofar gida a rufe har sau huɗu. Ni dai nawa zama da tagumi da kallon nesa. Na ce wa Kawu in dai ni ne tulu, ni ne kaza, ni ne ƙofa, to me aka bar mini? Ya ce in yi shiru, ban san fim ba.

Duk da haka na ji daɗin kwanakin nan, ba zan ɓoye ba. Shi ne karo na farko da manya shida suka tsaya suna jirana, ba abin da zai yiwu sai na iso. Kuma Kawu, duk da littafinsa, shi ne mutum na farko da ya ga akwai labari a zamana na zaure.

Fitowa ta ƙarshe a ƙauyen Kashin Zama aka yi ta, a gonar wani abokin Kawu mai suna Maccido. Nan ne na fara ganin fadama da idona lokacin dashe. An goya ni a babur tun da sassafe. Fangali-fangali ne jere, wato 'yan gadajen nan da ake tare wa ruwa da kunya, wasu an dasa, wasu an jiƙa suna jira. Warin ƙasa jiƙaƙƙiya da na ɗanyen ganyen albasa ya cika mini hanci.

Kawu ya sa aka ajiye ni a bakin wani fangali da aka ba ruwa, ƙasarsa ta yi laushi daidai. Kusa da ni aka ajiye ɗauri biyu na iri, wanda Maccido ya cire da asuba ya datse masa kai. Shi Maccido ya ɗauka dasawa za a yi a cikin fim ɗin, ya wuce can ƙarshen gona wurin injin ban ruwa.

"To saurara," in ji Kawu. "Wanga shi na ƙarshen labari. Ga hwangali ya sha ruwa, ba kowa cikinai. Ga iri an tumɓuke an yar, rana na cin shi. Irin ga kai na. Kai dai zamna kana kallo nai har shi yi yaushi. Duk wanda ya ga haka sai ya yi hawaye."

Sambo ya ce a yi da jiki, batir ɗaya ya rage masa. Ya saɓa kyamara a kafaɗa, Kawu ya ɗaga hannu, aka fara.

Na zauna. Na yi tagumi kamar yadda aka ce. Rana ta fara ɗagawa, inuwar da ke kan irin ta janye. Duk wanda ya tashi a gidan albasa ya san irin da aka cire ba ya jira. Ganyen ya fara kwanciya. Saiwoyin, waɗanda ɗazu suke farare da danshi, suka fara yin ƙura-ƙura suna murɗewa. Iri ne mai kyau, kaurinsa ɗaya, wanda aka yi kwana arba'in ana yi wa ban ruwa safe da yamma. Ga ƙasa nan a jiƙe, ko taku ɗaya babu tsakaninsu. Na kalli Kawu, yana ta yi mini alama da hannu in ƙara ɓata rai. Ai kuwa raina ya ɓaci, amma ba irin ɓacin da yake so ba.

Ban san lokacin da na cire silifan hannuna ba. Na kwance ɗauri ɗaya, na zame cikin fangalin.

"Tsaya. Kai, Nura, mi ka ka yi? Sambo, kashe."

Sambo bai kashe ba. Sai ma ya tako ya durƙusa a kan kunya, ya sa kyamarar daidai hannuwana. Ni kuwa na riga na daina jin kowa. Masu ƙafa in za su yi dashe sai sun duƙa, kafin su kai rabi baya ya ƙage, su miƙe su dafa ƙugu. Ni a ƙasa nake tun asali, babu inda zan duƙa. In huda da yatsa, in sa iri, in danne da babban yatsa, in ja baya. Da na gama ɗauri ɗaya na jawo na biyu. Lokacin da na kai ƙarshen fangalin rigata ta zama taɓo, fitilar kyamara kuma ta mutu.

Kawu ya kama kai. Ya juya kan Sambo, shi kuwa ya ce, "Malam, yi haƙuri. Ni ma ɗan manomi na. Tun ɗazu hannuna ka ƙaiƙayi." Kawu ya ce a tumɓuke a sake gobe. Maccido da ya dawo ya zagaya fangalin sau biyu, ya ce wanda duk ya taɓa masa shukar nan sai dai su haɗu gaban mai gari.

Da suka je haɗa fim ɗin a Jega, Kawu ya so ya yanke wurin, sai ya ga in ya yanke labarin ba shi da ƙarshe. Dole ya bar shi, ya ɗora busar sarewa a kan ihun da ya yi, ya ce ranar nunawa zai gyara da baki.

Magana ba ta kwana a Aliero. Kafin sati biyu wani ya tare Baba a kasuwa ya ce ya ji an ɗauki ɗansa yana birgima cikin taɓo, za a nuna wa jama'a. Baba ya dawo gida fuskarsa ba annuri. Ya wuce ni ya shiga wurin Inna. Ina ɗaki na ji yana gaya wa Inna cewa ƙaninta ya ci amanarsa, ranar Asabar zai je wurin nunawar ya karɓe kaset ɗin a gaban kowa, ranar Lahadi kuma ya kai ni Jega, ba sai an jira azumi ba. Inna ta ce, "Malam, ka dai gani da idonka tukun." Ranar na tsani kaina, na tsani Kawu, na tsani albasa.

A wani ajin makarantar firamaren garinmu aka yi nunawar, bayan la'asar. An toshe tagogi da tabarmi, janareto na ƙugi a waje, talabijin na bisa teburin malami. Ajin ya cika maƙil, manya a benci, yara a ƙasa, 'yan tsofaffin mata a baya. Ni ina gefe kusa da bango. Baba bai zauna ba. A bakin ƙofa ya tsaya, hannuwansa a baya.

Kawu ya tsaya kusa da talabijin da rula a hannu, kamar zai koyar da lissafi. Da tulu ya fito ya nuna shi ya ce wannan alamar zuciyar yaron ce. Wata tsohuwa daga baya ta ce matar gidan nan ƙazama ce, ta bar tulu na zuba ba ta liƙe ba. Da kaza ta fito ya ce alamar rashin 'yanci ce. Wani mahauci ya ce kazar nan ba ta da lafiya, a yanka ta tun ba ta mutu ba. Aka yi ta dariya. Kawu na ta share gumi. Na tausaya masa ƙwarai, don na san da zuciya ɗaya ya yi abin nan, kuma saboda ni ya yi.

Sai ga fadama ta fito. Dariya ta ɗauke. Aka nuno ni zaune, aka nuno iri a rana. Ban ga mai hawaye ba, amma benci ya fara motsi. Wani ya ce, "Wane sakarai na ya bar iri haka?" Wani ya ja tsaki. Mutanen nan sun kalli yaro gurgu na tagumi kusan awa guda ba su ce uffan a kansa ba, amma ɗauri biyu na iri ya hana su zama.

Kawu ya buɗe baki zai fara gyarawa, sai hannuwana suka cika talabijin. Ba fuska, ba ƙafa, hannu biyu kawai da ƙasa da iri.

Akwai wani dattijo a benci na gaba, Alhaji Ɗanasabe na Jiga Birni, babban manomi ne, kuma ba a san shi da yabon kowa ba. Ya ɗaga sandarsa ya ture rular Kawu.

"Malam, kauce, ka tare muna."

Kawu ya kauce. Ajin ya yi tsit, sai sarewa da ƙugin janareto. Da hoton ya ɗauke, Alhaji ya ce wa Sambo ya maido shi baya. Aka maido. Wannan karon kowa ya sa baki.

"Diba, bai binne wuya ba."

"Tazara ɗai ta, kamar da igiya anka ja."

"Ko sau guda bai tsaya ba."

Na saci kallon ƙofa. Baba ya baro ta. Yana tsaye a tsakiyar aji, yara na kewaye da ƙafafunsa, ya ɗan karkata kai yadda yake yi in yana duba shuka. Shi ne ya ce a sake maidowa karo na uku.

Da aka gama Alhaji Ɗanasabe ya juyo yana neman fuskata cikin duhu. Ya ce, "Shekarata hamsin ina dashe, ban ga mutum uku masu hannun ga ba. Ɗan wa na? Ku gaya ma ubanai shi ba ni shi. Ina da wuri bakin ruwa, in yanka mishi nashi gobe."

Ni ne ɗan fari a gidanmu. Saboda kunyar ɗan fari Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa yabona a gaban mutum ba, ko an tambaye shi ni sai ya ce yaron gidan nan. Shi ya sa da na ji muryarsa ban yarda tasa ce ba.

"Ɗana na, Alhaji," ya ce. "Nuraddeen. Shina da gonatai."

Kowa ya juya yana kallonsa. Kunya ta kama shi, ya gyara hula, ya fita. Bai ko kalli inda kaset yake ba.

Na bi shi a kekena. Rana ta yi ja, ana shirin kiran magariba. Yana tafe a gefena, ni kuwa tsoro ya hana ni tambayarsa, don ban sani ba ko ya faɗa ne kawai don kada Alhaji ya kunyata shi. Da muka zo wurin yashin nan na kusa da masallaci, inda kullum kekena ke cijewa, ya kai hannu zai tura ni kamar yadda ya saba. Sai ya janye hannun. Ya tsaya yana kallo har na murza na fita da kaina.

Sannan na ce, "Baba, wace gona?"

"Ta bakin rijiya, wadda ba ka haye kwalbati kahin ka kai gare ta."

Na san wurin a bakin Ridwan. Shi ne wuri mafi kyau a duk fadamarmu.

"Ba Ridwan za a ƙara ma ita ba?"

"Ya roƙa sau biyu, na hana shi." Ya juya yana kallon hanya. "Tun kana shekara goma na sa anka gina rijiyar nan wurin, don kak ka yi nisa da ruwa. Kowace shekara sai in ce bana za ni kai ka. In lokaci ya yi sai tsoro shi kama ni."

Hawaye na zuba, hannuwana duka biyu na kan keke, ba halin sharewa. Baba ya duƙa ya share mini da bakin rigarsa, a tsakiyar hanya, mutane na wucewa.

"Ka kwanta da wuri," ya ce. "Da asuba a ka cire iri."